Kaset Marar Rubutu

Aikin farko da na yi wa ƙungiyar ɗaliban jami'ar nan wani littafin tarihi ne mai kauri, an yi masa hoto a inji har wasu shafukan sun yi baƙi ƙirin. Malama Esta, shugabar ƙungiyar, ita ta kawo shi shagonmu da ke Gwale a cikin leda. Ta ajiye a kan benci ta ce, "Malam Garba, an ce kana jin Turanci, kuma muryarka ba ta rawa. Muna da ɗalibi makaho, muna so a karanta masa wannan a kaset." Na ce mata ai wannan ba wani abu ba ne. Haka jikokina da abokansu suke cewa yanzu idan an taɓo maganar sana'ata: "Karatu ne fa kawai, Baba. Ko waya ma tana yi." Kallon kitse suke yi wa rogo, shi ya sa na ga gara in ba su labarin tun ina da sauran numfashin bayarwa.

Kafin zuwan Malama Esta na yi shekaru a hannun Malam Kyari, wani Babarbare da kakanninsa suka daɗe da zama a Sheshe. Sana'arsa ɗaukar tafsiri da karatun Alƙur'ani a kaset, ya kwafa ya sayar. Ni kuwa na gama kwalejin horon malamai, na ɗan taɓa koyarwa, alli bai karɓe ni ba, sai mahaifina ya damƙa ni a hannunsa. Na yi watanni ban taɓa maɓallin ɗauka ba. Aikina goge kan rikoda da auduga da sifirit, da naɗe zare da biro idan inji ya tauna shi, da liƙe wanda ya tsinke da jan farce. Malam Kyari ba ya duka, amma bakinsa ya fi bulala zafi. Idan na kawo masa kaset ya jiyo ƙarar fanka a bayan mai karatu, sai ya dube ni ya ce, "Garba, kunnen nan naka na ji ne ko na ado?" A wurinsa na koyi cewa batir mai rauni maƙaryaci ne, ka ɗauki dattijo da shi, idan an kunna da wuta sai ka ji muryar ɗan yaye. A wurinsa kuma na koyi cewa ginin ƙasa ya fi na siminti riƙe murya, shi ya sa muke ɗauka a wani tsohon soro da muka rataya wa barguna.

Littafin Malama Esta na zauna na karanta shi da iya gwanintata. Inda aka yi yaƙi na ɗaga murya, inda sarki ya rasu na sassauta. Ba a jima ba sai ga mai littafin da kansa, sanda a hannu, jaka a kafaɗa. Malam Lawan ke nan, malami a makarantar makafi, ya samu hutun ƙaro karatu yana digiri na biyu a fannin tarihi. Muka gaisa, ya lalubi benci ya zauna.

"Malam Garba, wasan kwaikwayonka ya yi daɗi, har maiɗakina ta saurara," in ji shi. "Yanzu saura littafin."

Na ce ban gane ba.

"A shafi na nawa sarkin ya rasu? Sunan Baturen nan da ka ambata, yaya ake rubuta shi? Ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi, ina ka kai su?"

Na ce na ɗauka ba su da wani amfani. Ya yi dariya ya ce, "Ai su ne tuwon, na saman miya ce."

Daga ranar na shiga makaranta ta biyu. Mai karanta wa makaho dole ya faɗi lambar kowane shafi kafin ya shiga. Idan ya zo kan baƙon suna, ya faɗe shi, sannan ya jero haruffansa ɗaya bayan ɗaya. Idan marubuci ya ɗauko maganar wani, ya ce an buɗe, ya ce an rufe, don kada ɗalibi ya ɗora wa wani maganar wani a gaban malamai. Jadawali kuwa sai ka fara faɗin siffarsa kafin ka shiga cikinsa, kamar mai kwatancen gida. Abin da ya fi wuya shi ne ka kame ra'ayinka. Ka ga marubuci ya sharara ƙarya a kan Kano, garin da aka binne cibiyarka, ka karanta ta lafiya lau ba ko tsaki, domin idon mutum aka ɗauke ka ka zama, ba a ɗauke ka ka zama kansa ba. Ga masu tallar gyaɗa, ga akuyar maƙwabta, ga wuta ta ɗauke kana tsakiyar jimla. Idan ladan ya kira salla ka tsaya, ka dawo ka nemi muryar da ka bari ka ɗora a kanta. Na sha ruwan ɗumi da citta da kanumfari har na ƙi jinin warinsu.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Ɗaliban digiri na biyu da na uku ne suka haɗa ta, irin waɗanda jami'a ta ɗauka amma ba ta shirya wa zuwansu ba: makafi, guragu, wani kurma guda ɗaya, mata masu goyo, da baƙi daga kudu waɗanda ko gaisuwa ba su iya da Hausa ba, balle neman ɗakin haya a gari. Malama Esta 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, ba ta da nakasa ko ɗaya sai ta rashin iya yin shiru. Ita ke bin malamai ofis ofis har a sauko da lacca ƙasa saboda gurgu ba zai iya hawa bene ba. Na taɓa ganin wani Inyamuri da wani Bafulatani sun tallabi keken wani ɗan Dukawuya sun haura da shi ɗakin karatu, suna yi suna musun ƙwallo. Suna da wani ɗan ofis kamar akurki, da kabad ɗin ƙarfe mai kwaɗo. A nan ake ajiye kaset ɗin da suka yi karo-karo suka saya.

Kowane kaset yana da wani ɗan murfin roba a bayansa, mu muna ce masa haƙori. Idan ka ɓalle shi, rikoda ba za ta yarda a sake ɗaukar wani abu a kai ba. Malam Kyari duk tafsirin da ya ɗauka sai ya ɓalle haƙorin nan take. Amma dokar ƙungiya ita ce kada a ɓalle, domin kaset ɗin na kowa ne, idan wannan ya gama da nasa a goge a karanta wa na baya. Doka ce ta talauci, kuma ba wanda ya ga aibinta. Sannan makafin ba sa son in rubuta komai a jiki. Malam Lawan ya ce, "Tawadarka wa za ta yi wa amfani?" Ƙusa yake sawa a wuta ya ɗiɗɗiga ƙananan tabo a gefen robar, irin rubutunsu na taɓawa. Ya zura hannu cikin kwali ya zaro wanda yake so, ko kuskure babu. Mai ido kuwa idan ya kalla, fari fat zai gani, kamar yanzu aka ɓare shi daga leda.

Binciken Malam Lawan a kan tsofaffin makafin birni ne masu tufkar igiya. Ya ce duk littafin da na karanta masa, idan an ambaci makaho to a bakin masallaci aka ajiye shi, alhali igiyar da aka ɗaure kayan fatake da ta gugar rijiyoyin birnin nan hannun makafi ne ya tufka. Ni nake riƙe masa rikoda idan za mu wurinsu. Ɗaukar tsoho aiki ne daban. Ba ka kai masa abin magana kusa da baki, sai ya tsorata ya koma yi maka wa'azi. Ka ajiye a kan tabarma kusa da gwiwarsa, ka bar shi ya ci gaba da murza rama a cinya, magana za ta zo da kanta. Mun zaga zaure zaure, suka faɗi wanda ya koya musu, da kasuwar da ake kai wa, da yadda igiyar roba ta shigo ta kashe su a tsaye. Kafin a gama zagayen, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Malam Lawan yakan ce, "Mun dai riga ƙasa." Lokacin da jami'a ta ɗibar masa saura zango ɗaya ya cika, hutunsa na wurin aiki shi ma haka. Abin da ya rage masa ya zauna ya saurara ya rubuta.

Sai shekarar da soja suka ce za su koma bariki ta zo. Masu kaset ba su taɓa ganin kasuwa irin ta ba. Kowane ɗan takara, daga kansila har sama, yana da mawaƙinsa, kowane mawaƙi yana son a kwafa a raba. Kaset marar komai ya yi wuyar samu a birni kamar ruwa a bazara. Ni dai na tsaya a karatuna, abokan sana'a suna yi mini dariya wai ana rabon nama ina tsintar ƙashi. A daidai lokacin Malama Esta ta kammala ta koma gida, aka zaɓi wani matashi mai suna Nafi'u ya gaje ta. Yaro ne mai fara'a da iya jawabi, idan ya fara maganar haƙƙin naƙasassu sai ka ji kamar ka yi kuka. Aka rufe jami'a saboda zaɓe. Malam Lawan yana haya a ɗaki ɗaya da 'ya'ya ƙanana masu son jan zaren kaset, don haka ya kwashe nasa duka, na littattafai da na tsofaffi, ya kai kabad ɗin ƙungiya. A ganinsa babu inda ya fi nan aminci, ni ma da ya tambaye ni haka zan ce.

Wata ranar Laraba da hantsi ina wurin mai shayi, sai ga motar kamfe ta shigo layi da lasifika, samari a sama suna watso kaset. Ɗaya ya faɗo kusa da ƙafata, na ɗauka don in ga aikin wane shago ne. An manna hoton ɗan takara a gaba da baya. Ina juya shi sai babban yatsana ya ji tabo a gefe. Na sake shafawa. Na san ƙusar da ta yi wannan tabon. Na karɓi rediyon mai shayi na saka, sai kalangu da kirari.

Na nemi Nafi'u, mai riƙe da makullin kabad, na same shi a ofishin kamfen ɗan takarar, an ɗinka masa sabuwar shadda. Ya tarbe ni da murna, har da sa a kawo mini lemo. Na ajiye kaset ɗin a gabansa na tambaye shi daga ina wannan ya fito.

"A kabad ɗinmu ne, Baba. Kwali biyu na samu, ba a taɓa amfani da su ba."

"Ka kunna ko ɗaya ka ji?"

"Ba rubutu a jikinsu fa, Baba. Na duba da idona, ɗaya bayan ɗaya. Masu rubutu ban taɓa su ba."

Na kama yatsansa na ɗora a kan tabon. Ya shafa, sannan ya ce shi ya ɗauka ƙwari ne suka ci robar. Na faɗa masa abin da ke ciki. Ya yi salati, ya ce wallahi bai sani ba, kuma na yarda bai sani ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Ya gyara zama ya ce, "Amma Baba, ka duba ta wani ɓangaren. Mai girma ya yi alkawarin idan ya ci zai saya wa ƙungiya mota, zai yi wa guragu hanyar hawa bene. Aro na bayar, za a mayar mana da sababbi, har ninki biyu. Ci gaban kowa da kowa ake magana." Shugaban ƙungiyar da aka kafa don makafi da ire-irensu ke nan, ya shekara yana zama da su, bai taɓa tambayar yadda suke gane kayansu ba.

Ni na kai wa Malam Lawan labari. Yana zaune a ƙofar gida yana gyara wa 'yarsa takalmi. Ya saurare ni har na gama, ya karɓi kaset ɗin ya shafa gefensa, ya ce, "Wannan hirar Malam Audu na Sheshe ce. Ya rasu da azumi." Ya koma ya gama ɗaure takalmin. Sannan ya ce, "Waƙa ba ta cika kaset, Malam Garba. Wataƙila akwai saura a ƙarshe."

Haka muka shiga bin gari. Masu shayi, masu aski, 'yan acaɓa, masu wanki da guga, duk wanda aka ce ya samu kaset ɗin ɗan takarar nan sai mun je. Malam Lawan ya shafa, idan ya ji tabo mu roƙa. Wasu suka ba mu, wasu suka ce mu 'yan adawa ne an turo mu mu kwashe waƙar. Wani mai faci ya ce sai dai mu kawo masa wata waƙar a madadi. Abin da muka tara bai kai rabin kwali ba. Muka zauna a soro muna sauraron kirarin mutumin nan kaset bayan kaset, har na haddace sunayen kakanninsa. Shagon da ya yi aikin injin kwafa mai sauri gare shi, irin wanda ke share zare daga farko har ƙarshe. A guda ɗaya kawai muka sami wani abu, inda zaren ya ɗan karkace: tarin wani tsoho, da ƙarar rama a cinya, sai waƙa ta dawo.

Littattafan na ce zan sake karanta masa, kuma na fara. Amma ba a karanto matacce. Malaminsa na jami'a mutumin kirki ne, ya ce ba shi da ikon ƙara masa lokaci, amma idan ya kawo ko da hira ɗaya cikakkiya daga bakin mai sana'ar, zai tsaya masa a rage faɗin binciken. A cikin tsofaffin da muka ɗauka saura mutum ɗaya da hankalinsa da bakinsa, Baba Tanko na Dukawuya. Shi ne ya fi kowa ba mu wahala a karon farko, sai da Malam Lawan ya yi ta sintiri, ya rantse masa cewa maganarsa amana ce, za a adana ta jikokinsa su ji.

Ana gobe za mu je, Nafi'u ya aiko da kwalin sababbin kaset, kowanne an buga masa tambarin mai girma da tawada mai kyau. Ɗan takararsu ya ci. Motar da hanyar benen dai har na bar sana'a ban gan su ba, shi kuwa Nafi'u an ba shi muƙamin mai ba da shawara kan naƙasassu. A cikin kwalin nan na zari ɗaya na saka a rikoda, domin ba mu da wani.

Mun sami Baba Tanko a zaurensa bayan la'asar, ƙafa a miƙe, rama a cinya. Ya gane muryar Malam Lawan tun daga sallama. Aka gaisa, aka tambayi iyali, na ajiye rikoda kusa da gwiwarsa. Malam Lawan ya ce, "Baba, mun dawo ne a ɗan ƙara hirar nan tamu."

"Madalla," in ji tsohon. "To kunna mini ta baya in ji inda na tsaya, kada in maimaita."

Na dubi Malam Lawan. Da ni ne da na ce mun manto ta a gida, kuma na so ƙwarai ya faɗi hakan. Ya ɗora hannu a kan rikodar. Sannan ya faɗa masa gaskiya tun daga kabad har motar kamfe, bai rage ba, bai kuma ambaci sunan kowa ba.

Hannun Baba Tanko ya tsaya a kan ramar. "Har da ta su Audu?"

"Har da ita, Baba."

"Waƙa aka ɗora a kai?"

"Waƙa."

"Shi mai waƙar, ya ci zaɓen?"

"Ya ci, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. "To alhamdu lillahi. Ashe dai mun yi amfani."

Ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da murza igiyarsa. Malam Lawan ya roƙe shi, ya haɗa shi da Allah, ya ce karatunsa ne gaba ɗaya a kan wannan zaman. Baba Tanko ya ce, "Ɗana, ban riƙe ka da komai ba. Amma abin da na ba ka guda ɗaya ne gare ni, kuma na riga na bayar." Muka zauna zare yana juyawa, ba abin da yake ɗauka sai ƙarar rama, har fuskar kaset ɗin ta ƙare maɓalli ya ɗago da kansa.

Da muka fito Malam Lawan ya tsaya a bakin lungu ya ce in ba shi kaset ɗin. Na ce ai babu komai a ciki. Ya ce ya sani. Ya lalubi bayansa da farce, ya ɓalle haƙorin, ya saka a aljihu. Da zango ya ƙare jami'a ta cire sunansa, ya koma ajinsa na makarantar makafi, a nan ya yi ritaya.